Mai Gyaran Lasifika a Garwa

Rumfata tana bakin kasuwar Yelwa,
waya, ƙusa, dalma mai narkewa.
Ni ne Gwadabe, sana'ata gyaran murya,
in lasifika ta shaƙe, nan ake kawowa.

Ta masallacin Rumde tana bisa benci,
ta cocin su Danwe tana ƙarƙashinsa.
Ƙura ɗaya ce a maƙogwaronsu,
da buroshi ɗaya nake sharewa.

Astajam, 'yar ƙanwata, ta zo hutu
daga jami'ar Marwa, jaka cike da takardu.
Ta ce, "Kawu, ka san abin da kake gyarawa?
Bargo ne, ana lulluɓa wa mai jin yunwa
ya yi barci, kar ya tambayi wa ya kwashe tuwon.
Wata uku masu gurzar auduga ba albashi.
Ran Juma'a me aka ce musu? Haƙuri,
sai ka ce haƙuri hatsi ne, ana dafawa."

Malam Iyawa, tsohon mai awon auduga,
ya ajiye rediyonsa da ba ta kamawa.
Ya ce, "Yarinya, ba bargo ba ne, igiya ce.
Kwance ta daga tsintsiya ki ga ko za ki yi shara.
Shekarar da Binuwai ta ci gidajen bakin gada,
wa ya raba gero? Wane ofis ya buɗe ƙofa?
A harabar masallaci muka kwana arba'in.
Baƙo ya mutu a tasha ba dangi,
su wa ke wankewa, su wa ke binnewa?"

Ta ce, "Baba, igiyar da ke ɗaure tsintsiya
ita ke ɗaure akuya a turke."
Ya ce, "Akuyar da ba turke, ta kura ce."
Ni dai ina hura dalma, ban ce uffan ba,
shayinsu ya huce, gardama ba ta hucewa.

Litinin da sassafe sai ga Modibbo Sambo,
limamin nan da ya ce a yi haƙuri.
Ya ɗaure lasifikar a bayan babur,
bai ko tsaya jin kuɗin gyara ba.
A ƙofar masana'anta muka tarar da shi
yana magana kan masu tauye mudu
da gumin lebura da ya bushe ba lada.
Ana tsaka da haka batir ya mutu.
Danwe ya ruga ya ciro na cocinsu,
ni na haɗa wayar, hannuna na rawa.

An biya wata ɗaya da rabi.
Sati na zagayowa, manaja ya aiko da darduma
sabuwa fil, sahu tara, mai taushin takawa.
Huɗubar ranar kan ladabin cin abinci ce.
Na kasa kunne, ban ji sauran albashi ba,
har aka shafa, aka soma watsewa.

Astajam ta yage shafi biyu ran Litinin,
ran Juma'a ta nemi gam tana liƙewa.
Malam Iyawa ya ce shi ya ci gardamar,
amma ya daina kallon dardumar in zai sallata,
buzunsa yake ɗaukowa.

Ni kam na sha buɗe cikin lasifika:
maganaɗisu ne, da takarda, da zaren tagulla.
Ban taɓa samun bargo ko igiya a ciki ba.
Sai dai in ta kira asuba, ni ma tashi nake,
tun kafin in tuna ni na yi liƙin.
Jaka biyu nake bin Modibbo har yau,
cocin su Danwe na bin sa cajin batir,
Astajam ta koma Marwa da tambayarta,
ta bar min biro, ya ƙi rubutawa.